Lallen da Na Haɗa wa Yaya

Duk Sabon Gari an san hannuna a lalle. Ba yabon kai ba ne, a je a tambaya. Amaren kartiyenmu, wato unguwarmu, ni ke yi musu ƙunshi, kuma tun da ƴan mata suka tsiro da rina gashi ja, ƙofar ɗakina ba ta rabo da takalma. Ina da haɗina da ba na faɗa wa kowa, amma yau zan faɗa, tunda abin da ya fi shi nauyi ma faɗarsa zan yi. Garin lalle da aka tankaɗe sau biyu, ruwan soɓo da ya dahu har ya yi kauri, ganyen shayi, da lemun tsami. A kwaɓa, a rufe, ya kwana. In aka sa wa baƙin gashi, duhu yake ƙarawa, sai mace ta shiga rana ake ganin jan yana ƙyalli a ciki.

Furfura kuwa daban ce. Farin gashi ba shi da abin da zai tare lalle, shanye shi yake duka, ya fito ja wur kamar gemun tsofaffin nan na sahun gaba. Wadda ke son furfurarta ta yi duhu, dole a bi bayan lallen da ganyen baba, wanda marina ke rini da shi. Kowace mai lalle ta san wannan. Ni tun ina ƴar shekara goma na sani, a gindin Innarmu na koya, can gidanmu na Tibiri.

Yaya ce ba ta sani ba. Ita ce babbar ɗiyar Inna, ta girme ni da shekara goma sha uku, ita ta goye ni. Lokacin da Inna ke zaune tana yi wa amare ƙunshi ina miƙa mata tsumma, Yaya tana bakin murhu ko bakin rijiya. Ba ta taɓa koyon kwalliya ba, ko kwalli sai an tuna mata. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, ta dawo gida. Shekarar da ta dawo Inna ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Daga nan Yaya ce ɗagawa, ita ce wanka, ita ce wankin zannuwa, ita ce ba da kunu da cokali, shekara tara cur. Yayyenmu maza biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a ƙetaren iyaka, gaisuwa suke aikowa ta salula, wayar hannu. Ni kuma ina zuwa Juma'a bayan Juma'a da ƴar ayabata a leda, in zauna awa guda, in ce sannu Yaya Allah ya ba da lada, in kamo motar Maraɗi tun rana ba ta faɗi ba. Tsarin ya yi mini daidai ƙwarai.

Sai ga wani mutumin Jiratawa. Dattijo ne mai garka a bakin hanyar ruwa, yana kawo zogale da tattasai kasuwar Tibiri, matarsa ta rasu shekara biyu. A kasuwar ya ga Yaya. Ya fara aiko da ganye, ya fara zuwa zaure, har magana ta kai ga maza. Ni a murya na fara ganewa. Yayar da in ka kira ta sai ta ce "lafiya lau" ta yi shiru, sai ga ta tana ba ni labarin yadda ake dashen albasa, tana dariya.

Babban yayanmu ne ya kira ni daga Yamai.

"In an ɗaura, Inna wajenki za ta koma," ya ce. "Ke ce mace, ke ce kusa."

Ya kashe salularsa ya bar ni tsaye tsakar gida. Na dubi ɗakunana biyu da rumfar da nake zaunar da amare. Na tuna robar da ake turawa ƙarƙashin gadon Inna, na tuna igiyar shanyar Yaya da ba ta taɓa zama babu zane a kai ba. Wace amarya za ta miƙe ƙafa ta wuni a gidan da ake wannan? Kada wata ta buɗe baki ta ce mini ai uwa ce. Na san uwa ce, uwata ce ba ta wani ba. Amma wallahi ban yi wa Yaya murna ko ta minti ɗaya ba, haushinta na ji, kamar ta ɗauki wani abu nawa.

Bayan kwana kaɗan ita ma ta kira. Ta ce yayar mutumin da wasu mata biyu za su zo ranar Juma'a su gan ta, su gaida Inna. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da take so.

"Auta, kaina hwa ya yi furfura. Ba na son baƙin rinin nan na kwali, malam ya ce ba kyau, kuma ya taɓa kumbura wa maƙwabciyarmu fuska. Irin naki nike so, mai ɗan duhun nan. Ko za ki iya?"

A iya sanina wannan ne karo na farko da Yaya ta roƙe ni wani abu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ranar Laraba ina nan tafe.

Ranar Talata da yamma na kwaɓa. Na ninka soɓon, na matse lemun tsami har huɗu. Da safe na ɗauko gwangwanin ganyen baba na sa a jaka, na kai bakin ƙofa, na dawo na fitar da shi na mayar kan kanta. Ba mantuwa na yi ba, hannuna biyu na sa na ajiye shi. Na hau kabu-kabu zuwa tasha, ƙwaryar lalle a cinyata.

A gindin bedi, wato dogon yaron tsakar gida, muka zauna. Yaya ta shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar ƙofar ɗaki don ta sha iska, sannan ta zo ta durƙusa gabana ta cire kallabi. Rabona da ganin kanta tsirara na manta. Gaban duk ya yi fari fat, sauran ma farin ya rinjayi baƙin.

"Kai, Yaya! Auduga kika shuka ba mu sani ba?"

Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, kunya kamar budurwa. Na tsefe mata, na buɗe ƙwaryar, ƙamshin lalle da tsamin soɓo suka tashi.

Inna ba ta magana, amma idonta ras yake, kuma shekara talatin ta yi tana wannan sana'a. Ta dubi launin kwaɓin. Ta dubi kan Yaya. Sai na ga idonta ya koma kan jakata, yana neman ƙwarya ta biyu. Da ta ga babu, ta fara wani gurnani daga maƙogwaro, tana bugun tabarma da hannunta mai lafiya.

"Mi take so?" in ji Yaya, tana shirin tashi.

"Zauna, kada ki ɓata mini aiki. Ƙishirwa take ji."

Na ɗebo ruwa a moɗa na kai mata baki. Ta ƙi haɗiyewa, ruwan ya bi gefen bakin da ya karkace ya jiƙa mata wuya. Ta kafe ni da ido, ni ma na kafe ta. Na goge mata da bakin zane, na koma na zauna yadda bayana zai tare ta, na ci gaba da shafawa, tsaga bayan tsaga, har saiwar gashi.

Awa biyu lalle ke yi a kai ya isa. Na naɗe kan Yaya da leda, na ce ta koma rana don ya kama da kyau, na bar shi tun hantsi har aka kira la'asar. A haka ta dafa abinci, a haka ta juya Inna sau biyu, zufa mai launin ƙasa tana bin bayan kunnenta. Da muka je bayan ɗaki na zuba mata ruwa, sai ga kan ja wur. Ya fi yadda na zata. Ta ɗauko ɗan fasasshen madubinta ta duba.

"Inna lillahi. Auta, mi ne ne wannan?"

"Haka yake farawa. Ki ba shi kwana biyu, zai rine."

Lalle yana ƙara duhu bayan kwana biyu, wannan gaskiya ne, amma ba duhun da zai cece ta ba. Ta yarda, don me za ta ƙi yarda? Na zaunar da ita na yi mata ƙananan kitso, wanda ke fito da kowane layi fili.

Ranar Juma'a da sassafe na iso. Kan yana nan yadda yake, sai ma ƙyalli da ya ƙara. Yaya ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ta riga ta yanke shawara za ta sa hula ta ɗaure tsohon kallabinta na atamfa tamau a kai, ba mai ganin komai.

"Da wannan tsumman za ki tari baƙi? Su ce daga jeji aka kamo ki?"

Na fito da nawa kallabin, sabo, mai santsi. Na cire mata hular na ce wannan ta tsofaffi ce. Na yi mata ɗaurin ƴan birni, wanda ba a ƙullewa, soke bakinsa kawai ake yi. Ya rufe gashin duka, ta duba madubi ta ji daɗi, har ta ce Allah ya yi mini albarka. Ni kuwa shekara tara ina kallon yadda ake ɗaga Inna. Yaya kan sunkuya ta zura hannu biyu ƙarƙashin hammatarta, Inna kuma ta jefa hannunta mai lafiya bayan kan Yaya ta damƙe duk abin da ta samu.

Baƙin suka iso bayan an sauko daga masallaci. Yayar mutumin tsohuwa ce siririya, haƙora jajaye da goro, mai idon nan da ke leƙa cikin tukunya tun daga zaure. Sun kawo zogale da albasa da goro. A ɗakin Inna aka shimfiɗa musu. Aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ya mai jiki. Yaya ta kawo fura. Tsohuwar ta sha, ta dubi gado, ta dubi zannuwan da aka ninke, ta shaƙi iskar ɗakin.

"Shekara tara a kwance, ko wari babu," ta ce wa ƴan rakiyarta. "Wannan ɗiya ta san aiki."

Magana tana neman ƙarewa lafiya.

Ana cikin haka Inna ta zame daga matashin da aka jingina ta, kanta ya langaɓe gefe. Ni ce kusa da ita, gwiwata tana taɓa gadon. Ban motsa ba.

"Yaya, Inna ta zame."

Ta ajiye ludayi ta taso. Ta sunkuya, ta zura hannuwa, Inna ta jefa hannu ta damƙe. Kallabin ya sulɓe gaba ɗaya ya zauna a hannun Inna. Rana ta shigo ta ƙofa ta sauka daidai kan. Kuma Yaya ba ta da hannun rufewa, duk biyun suna ɗauke da Inna, in ta saki za ta faɗi. Haka ta ci gaba a sunkuye, ta ja ta sama, ta gyara matashi, ta miƙe mata ƙafar da ta shanye, kan nan ja wur a gaban mata uku.

Ni na fara dariya. Ƙaramar cikin baƙin ta biyo ni, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta zo ta sa yatsa ta buɗe tsagar kitson, kamar mai duba hatsi a kasuwa.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Ni na haɗa, Hajiya, irin wanda nike wa kowa. Ga shi ma a kaina." Na ɗan ture kallabina ta gani. "Kan ne nata. Lalle ba ya kama baƙin gashi haka. Duk inda kika ga ja, to fari ne."

"Shekarunta nawa?"

"Ni dai ban ƙirga ba. Amma ita ta goye ni, ni kuwa ɗiyata ta fari an fara tambaya."

Tsohuwar ta goge yatsanta a zane.

"Mu an ce mana ba ta wuce arba'in ba. Ɗan'uwana ɗiya mata gare shi, namiji muke nema mishi. Kuma mace da girmanta, uwa kwance, ta zauna ta mai da kanta kamar zakara, wannan rawar kai ce."

Yaya tana tsaye jikin gado, ta ɗora tafin hannu biyu a kai, hannun bai rufe komai ba. Suka yi wa Inna Allah ya ƙara sauƙi suka fita, furar ma ba su shanye ba. Na raka su har zaure. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ba zan zo nan in yi ƙarya ba.

Tibiri ba ta riƙe magana. Kafin sati, matan da suka shekara ba su leƙo Inna ba sai ga su bi da bi sun zo gaida mai jiki, idonsu na kan kallabin Yaya. Aka laƙa mata suna, ba zan maimaita shi ba. Ta daina zuwa kasuwa, ta kashe salularta ta ajiye kan taga. Lalle ba ya fita da wanki, amma ta gwada. Ta sa sabulun wanki, ta sa toka, ta sa kanwa, har fatar kan ta yi ciwo gashin ya fara karyewa. Ina da abin da zai rufe shi cikin awa guda a kan kantata, ban kai ba.

Bayan sati biyu ina rumfa ina yi wa wata ƙunshi, maigidana ya leƙo ya ce ina da baƙo. Na yafa mayafi na fito. Mutumin Jiratawa ne, a kan tsohon babur ɗinsa, da rabin buhun albasa ɗaure a baya. Ban taɓa ganinsa kusa ba sai ranar. Gajere ne, hannuwansa duk kanta. Muka gaisa, ya yi ta kallon ƙasa, can sai ya cire hularsa.

"Ki dubi nawa," ya ce. Fari ne fat, ko ɗigon baƙi babu.

Ya ce maganar yayarsa maganar yayarsa ce. Shi ba ɗa namiji yake nema ba, abin da Allah ya ba shi ya gode. Mutum yake so wanda in ya dawo daga garka za su yi hira. Ya ce ya kira ya kira salula a kashe, kuma yana jin nauyin ya je zaure bayan abin da danginsa suka yi, kada ya ƙara mata kunya.

"Ke ce ƙanwarta, za ta ji maganarki. Ki gaya mata in har tana so, ta kunna salula ranar Juma'a bayan la'asar, zan kira. In na ji a kashe, na san amsa, ba zan ƙara damunta ba."

"In sha Allahu yau ɗin nan za ta ji," na ce. Ya sauke mana albasar ya tafi.

Ranar Juma'ar na je Tibiri da ayabata. Na zauna a ɗakin Inna daidai ƙarƙashin tagar, salular tana bisa kaina ta yi ƙura. Aka kira la'asar, muka yi salla, Yaya ta dama kunu. Na ba ta labarin wata amarya da ƙunshinta ya ɓaci don ta kasa haƙuri, har ta ɗan yi murmushi. Da rana ta yi sanyi na yi musu sallama. Maigidana ya tambaye ni yaya aka yi, na ce ta ƙi. Albasar ta yi mana wata biyu, mai kyau ce, ba ta ruɓa ko ɗaya ba.

Yau shekara shida ke nan. Inna tana nan da ranta, Yaya ce ke ɗaga ta, sai dai yanzu tana dafa ƙugu kafin ta miƙe. Ni ma ina nan da ɗakunana da rumfata, har na ƙara ɗaki na uku. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ke hana ni sakewa kuwa a waccan shekarar ya faru, bayan damina, satin da labari ya zo cewa mutumin ya auri wata bazawara ƴar garinsu.

Na je ranar na tarar Yaya ta aske kan gaba ɗaya da reza, ta koma tsohon kallabinta. Ba ta ta da maganar auren ba, ni ma ban tayar ba. Da zan tafi sai ta ɗauki mayafi ta ce za ta taka mini, abin da ba ta saba ba, don ba ta cika barin Inna ita kaɗai ba. Muka yi ta tafiya har bakin gudron, titin kwalta. Na ce a raina yau za ta faɗa mini ta sani, na ma shirya abin da zan mayar mata.

"Auta, akwai abin da ke damuna," ta ce. "An ce mini amare biyu sun fasa zuwa wajenki saboda kaina. Ana ta cewa hannunki ya ɓaci. Ke kin yi mini don Allah, kin baro aikinki kin wuni a kaina, ni kuma na jawo miki abin faɗa cikin sana'arki. Tsohuwa da ni, mi ya kai ni? Da ban roƙe ki ba da duk ba a yi haka ba." Ta kamo hannuna da nata biyu, duk sun yi kaushi da ruwan wanki. "Don Allah ki yafe mini."

Motar Maraɗi ta taho tana rage gudu. Ina da lokacin da zan buɗe baki, direban ma sai da ya tsaya sauke wata mata da kayanta.

"Ba komai, Yaya," na ce. "Na yafe miki."

Ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci. Ta saki hannuna ta juya da sauri, don lokacin juya Inna ya yi.